Rarrabe Aya da Tsakuwa a Fina-finan Hausa: Misali Daga Garin Jos

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, manazarta da malamai suka yi wa fina-finan Hausa kuɗin goro. Hukuncin da aka saba ji shi ne, wai duk kwaikwayon Indiya ne, ba komai cikinsu sai rawa da waƙa da soyayyar saurayi ɗaya da 'yan mata biyu. Ba za a ce zargin ba shi da tushe ba, domin bayan fitowar Sangaya da Wasila kasuwa ta cika da irin waɗannan. Sai dai wannan takarda na ganin ma'aunin da aka yi amfani da shi, wato tsarkin al'ada, ya sa an zubar da tsaba tare da ƙaiƙayi. Za a kafa hujja da garin Jos.

2.0 Jos da Sana'ar Fim

A Jos ne hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take, wadda aka kafa a 1979, haka kuma makarantarta ta koyar da aikin fim da aka buɗe a 1995. Hukumar ce ta mayar da wasan kwaikwayon Umaru Ɗanjuma Katsina, Kulɓa Na Ɓarna, zuwa fim a 1992, Brendan Shehu ya ba da umarni. A garin ne Sani Mu'azu ya kafa kamfaninsa na Lenscope, nan ne kuma mahaifar Sadiq Sani Sadiq da Nafisat Abdullahi. Da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da ɗaukar fim a 2007, Kaduna da Jos ne suka karɓi da yawa daga cikin masu sana'ar. Ke nan wanda ya taƙaita nazarinsa ga abin da aka baza a kasuwar Ƙofar Wambai, rabin labarin kawai ya ji.

3.0 Ma'auni

Tambayar da ta kamata mai nazari ya yi wa fim ita ce: shin jigonsa ya taɓo wata gaskiya ta rayuwar jama'a, kuma harshen da aka sa wa kowane tauraro ya dace da matsayinsa? Kasancewar waƙa kaɗai ba aibi ba ne. Gaɗa da wasannin tashe sun riga sinima zuwa ƙasar Hausa, tatsuniya ma ba ta rasa 'yar waƙa a tsakiyarta. Abin dubawa shi ne ko waƙar ta tura labari gaba, ko kuwa an cusa ta ne don a cika kaset.

Batun harshe ya fi jan hankali, kuma a nan ne ake yi wa fina-finan Jos rashin adalci mafi girma. Haƙar kuza ce ta tara ƙabilu a Filato tun farkon ƙarni na 20, Hausa ta zama harshen da Birom da Afizere da Anaguta da baƙi ke haɗuwa a kansa, a kasuwa da masallaci da majami'a. Wannan Hausa tana da siffofinta: a bakin wasu masu magana bambancin jinsi kan ɓace, a ce wa mace "ya zo", sautukan ƙ da ɗ da ɓ kuma su koma k da d da b. Idan an sa wa 'yar kasuwar Taminus irin wannan magana a fim, sai a ce an ɓata Hausa. A ganina akasin haka ne. Da an sa mata daidaitacciyar Hausa, da an yi wa mai kallo ƙarya. Kuskure na gaskiya shi ne a ji basaraken Katsina na irin wannan furuci saboda mai ba da umarni bai kula ba, wannan kuwa yana faruwa, bai kamata a kare shi ba.

4.0 Jini da Lalle

Fim ɗin Kenneth Gyang na 2012, wanda aka fi sani da Blood and Henna, ya isa misali. Gyang ɗan Filato ne, a makarantar fim ta Jos ya yi karatu. A zahiri labarin soyayya ne tsakanin Musa da Saude, taurarinsa kuma su ne dai waɗanda aka saba gani, Sadiq Sani Sadiq da Nafisat Abdullahi da Ali Nuhu. Mai kuɗin goro da ganin hoton zai kau da kai. Amma an ɗora soyayyar kan annobar sanƙarau ta 1996 a Kano, da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. Hikimar zubin ita ce, ba a gaggauta kai mai kallo asibiti ba. Sai da ya san ma'auratan da talaucin da ya dabaibaye su, saboda haka lokacin da masifa ta zo, a kan mutanen da ya sani ta faɗa. Fim ɗin bai tsira daga rauni ba, domin warwarar jigon ta yi nawa a farko, ga kuma yawan batutuwan siyasa da aka so a taɓo duka. Duk da haka yana da wuya a nuna wani ƙagaggen labari ko wasan kwaikwayo na Hausa a rubuce da ya tunkari wannan al'amari da irin wannan ƙarfin hali, alhali rubutaccen adabi ne muka ware wa kwasa-kwasai a sassanmu na jami'a.