Waza da ƙahon Miles Davis: gwanintar sanin lokacin busa

Wanda ya bi gaɓar Shuɗin Nilu daga Sinnar ya nufi kudu zai wuce Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Daga nan sai ƙauyukan Hausawa da Fulani manoma da masunta, har Rusairis da Damazin. Gaba kaɗan duwatsun kan iyakar Habasha suke, ƙasar Barta ke nan. Waɗannan maƙwabtan Hausawan Sudan suna da kiɗan busa da ake kira waza, wanda aka fi yi bayan an kawar da amfanin gona, kuma a cikinsa akwai gwanintar da ta cancanci a tsaya a dube ta.

Da duma ake haɗa ƙahon waza. Ana yanka shi gunduwa-gunduwa, a cusa wannan cikin wancan, bakin yana ƙara faɗi har ƙarshe. Ƙahonin kan kai goma ko fiye kaɗan, daga gajere mai siririyar murya zuwa dogo mai kauri da ya kusa tsayin mutum. Kowane ƙaho murya ɗaya tak yake bayarwa. Mai algaita a fadar Kano ko Katsina shi kaɗai yake ɗauke da taken gaba ɗaya, yana cika kumatu da iska yana shaƙa ta hanci don kada busar ta yanke. Mabushin waza kuwa ba ya riƙe da waƙa. Rabonsa ƙwayar murya guda, sai ya ajiye ta a gurbinta, tsakanin ta wanda ya gabace shi da ta wanda zai biyo shi. Idan ya yi gaggawa ya taka ɗan'uwansa, idan ya makara waƙar ta yi giɓi. Ga shi kuma ba a tsaye ake yi ba, ana busa ana taka rawa, wasu na bugun itace, mata na waƙa. Saboda haka babban kayan aikinsa kunne ne, huhu na biye.

Bajamushen nan masanin kiɗa, Artur Simon, ya naɗi waza a farkon shekarun 1980. Mai sauraron faifan zai ji waƙa ɗaya tana gudana sumul, har ya ɗauka mutum biyu ko uku ne. Sai wanda ya ga mabusan da idonsa yake gane mutum nawa suka raba ta, da irin jiran da kowa yake yi. Gani ya kori ji.

Haka ta kasance ga Miles Davis, mabushin ƙahon jaz na Amurka, wanda aka haifa a 1926 ya rasu a 1991. Daga 1969 zuwa 1975 ya koma ga kayan kiɗan lantarki, ya fitar da faifai irin su In a Silent Way da Bitches Brew. Tsofaffin masoyansa da yawa suka ce hayaniya ce kawai, babu kai babu gindi. Fina-finan wasanninsa ne suka nuna cewa akwai mai riƙe da ragama, kuma riƙon ba na wasa ba ne.

Mafi shahara shi ne wanda Murray Lerner ya ɗauka a bikin tsibirin Wight na Ingila ranar 29 ga Agusta, 1970, gaban dubban ɗaruruwan mutane, aka fitar da shi a 2004 da sunan Miles Electric: A Different Kind of Blue. Minti 38 ana kiɗa ba tsayawa, ba a sanar da sunan waƙa ko ɗaya ba. Chick Corea na gefe guda, Keith Jarrett na ɗaya gefen, kowa da fiyanonsa na lantarki, Jack DeJohnette na kan ganguna, Dave Holland na riƙe da jita mai kaurin murya. Idan Miles yana son a sauya waƙa, sai ya busa 'yan muryoyi kaɗan daga bakin wadda ke tafe, nan take mai ganga da mai jita su juya, sauran su bi. Sau da yawa ma ba ya busa komai. Yakan sauke ƙahon ya ja gefe yana saurare, sai kiɗan ya nuna, sannan ya shigo da gajeriyar busa mai kaifi ya sake yin shiru.

A fim ɗin wasansa na birnin Biyana, a Nuwamban 1973, abin ya ƙara fitowa fili. A lokacin ya haɗa ƙahon da na'urar da ake takawa da ƙafa, mai sa murya ta yi kamar ana buɗe baki ana rufewa. Yana sunkuye, bakin ƙaho na kallon ƙasa, ya juya wa jama'a baya. An daɗe ana ce masa mai girman kai saboda wannan, amma kyamara ta nuna makaɗansa yake fuskanta. Hannu ɗaya zai motsa, Al Foster da Michael Henderson da masu jita su ɗauke cak, a bar mutum guda yana kiɗa shi kaɗai, ya sake motsa hannu su faɗo tare. Duk wanda ya ga yadda 'yan amshin Mamman Shata da masu kalangunsa ke kafa masa ido ya san wannan tarbiyya.

Miles jagora ne mai ba da umarni, waza kuwa aikin gayya ne da kowa ya san gurbinsa tun daga koyo. Abin da ya haɗa su shi ne darajar mabushi tana ga abin da ya bari bai busa ba, da saurin jin abokin aiki.

Yankin Shuɗin Nilu ma ya samu mai kyamara da ya fahimci haka. Hajooj Kuka, a fim ɗinsa Beats of the Antonov na 2014, ya zauna da mutanen Shuɗin Nilu da duwatsun Nuba da yaƙi ya kora, ya ɗauki kiɗansu a inda suke yin sa, fim ɗin kuma ya ci kyautar zaɓin 'yan kallo a bikin fina-finai na Toronto. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa ƙauyukan Jazira da Sinnar, kuma kiɗan da sai mutum goma sun haɗu ake yin sa shi ke fara ɓacewa idan gari ya watse. Don haka matasanmu da ke ɗaga waya a wajen biki su ja baya kaɗan su ɗauko makaɗa duka a hoto ɗaya, su bar waƙa ta kai ƙarshe kafin su yanke, su kuma riƙa juya wayar ga wanda ke jiran lokacinsa. Daga irin wannan ɗauka ne yaro zai iya koyon sana'ar gobe.