Jinjina ga Mdou Moctar, Bahagon Jita

A kasuwar Tasawa ko ta Mayahi, za ka tarar da saurayi zaune gaban kwamfuta yana loda wa mutane waƙoƙi a katin waya. Ta irin wannan hanya sunan Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ya fara yawo.

Ba'abzine ne daga jihar Tahoua. Gidansu ba su so ya yi kiɗa ba, sai ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. A 2008 ya zo Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, muryarsa na rawa da na'ura irin ta waƙoƙin fina-finan Hausa. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka ratsa Sahara har suka kai kunnen Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds.

Abin da ya fi burge ni shi ne fim ɗin da shi da Kirkley suka yi a 2015. Sun ɗauki labarin fim ɗin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince, suka dasa shi a Agadas, da rawani da babur, cikin harshen Tamashek. Ba kwaikwayo ya yi ba, kiɗansa ya zuba a ciki.

Ka saurari faifansa Afrique Victime na 2021. Bahago ne, yatsun hagunsa na tsinkar tsirkiya kamar mai gurmi, ganga na ƙara sauri, yana kukan halin da aka jefa Afirka. Ko bayan ya yi suna, in ya dawo gida, yakan yi wasa a gidan biki. Allah ya ƙara basira, Mdou!