A Koya wa Ɗalibai Zana Taswirar Maƙwabtaka Kafin Su Haɗa Kwamfutoci

Wani salo ya shigo wa masu rubuta manhaja, kuma ya iso har nan Gombe: a raba babban lissafi ga kwamfutoci da yawa, amma kada a damu da sanin wace ce za ta aika wa wace saƙo. Matasan da nake duba wa aiki a Federal Low-Cost suna da kaifin basira, sun iya sauke Open MPI ko mpi4py, sun iya tayar da ma'aikata takwas ko sha shida a lokaci guda. Sai dai kusan kullum hanya ɗaya suke bi: kowane ma'aikaci ya watsa abin da ke hannunsa ga kowa. Ni ina ganin wannan asara ce, kuma mu da ba mu da manyan injuna mu ne muka fi cutuwa da ita.

A tsarin MPI, wanda ƙa'idarsa ta farko ta fito a 1994, ana tayar da kwafin manhaja ɗaya sau da yawa. Kowane kwafi ma'aikaci ne mai lambarsa, daga sifili zuwa sama, kuma babu mai leƙa ma'ajiyar wani. Sai dai su yi ta aika wa juna saƙo. Sau da yawa lissafin kansa ba shi ne ke cin lokaci ba. Jiran saƙo ne.

A ɗauki aikin da ya shafe mu kai tsaye: hasashen yadda ruwan sama zai bi kwazazzaban da ke cin unguwannin Gombe duk damina. Za a yanka taswirar gari gida-gida, a ba kowane ma'aikaci yanki guda. Ruwan da ke yankinka ba ya tsallakawa ƙarshen gari a taki ɗaya, iyakarsa yankin da ke jingine da naka. Kamar dai gidajen unguwarmu ne da ke jere bisa layi: idan magudanarka ta toshe, wanda kuka haɗa katanga za ka ƙwanƙwasa wa ƙofa, ba sai ka tara unguwa duka ba. Idan aka jera ma'aikata 64, takwas a tsaye takwas a kwance, babu wanda maƙwabtansa suka wuce huɗu, kuma hanyoyin da ake bukata 112 ne kacal. Idan kuwa aka ce kowa da kowa, sun zama 2,016. A kai ma'aikatan dubu, hanyoyin sun kai 499,500.

Abin da ya fi damuna shi ne, maganin yana nan cikin MPI tun farko. MPI_Cart_create na jera ma'aikata layi-layi, ta yadda kowa zai iya sanin na gabansa da na bayansa, na damansa da na hagunsa. Ga aikin da ba shi da tsari madaidaici, irin kwazazzabon da ke lanƙwasa yadda ya ga dama, akwai MPI_Graph_create. Wannan yana da nakasu: dole kowane ma'aikaci ya riƙe taswirar duka, abin da ke zama babban nauyi idan sun yi yawa sosai. Shi ya sa a 2009, cikin MPI 2.2, aka kawo MPI_Dist_graph_create, inda kowa zai iya faɗin maƙwabtansa kaɗai, har ma da nauyin saƙon da ke bin kowace hanya. A 2012 kuma MPI 3.0 ya ƙara umarni irin su MPI_Neighbor_alltoall: kira ɗaya, kowa ya yi musaya da maƙwabtansa, an gama. Mai rubuta aike da karɓa ɗaya bayan ɗaya da hannu ya san yadda ake wayar gari ma'aikata biyu sun yi cirko-cirko, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Bayyana taswira na rage wannan haɗari sosai.

Na san hujjar masu wancan salo, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa a kan laftof mai ma'aikata huɗu ba za ka ga bambanci ba. Gaskiya ne. Suna cewa izinin da ake ba MPI na sake wa ma'aikata lamba domin maƙwabta su zauna kusa a cikin inji, ba kowace manhajar MPI ke amfani da shi yadda ya kamata ba. Wannan ma gaskiya ne. Suna kuma nuna fasahar ƙirƙirarriyar basira, inda komai ke ɓoye cikin manhajar da aka sauke, aiki kuma na tafiya. A nan ne na rabu da su. Manhajar Horovod ta wannan fanni, da kamfanin Uber ya saki a 2017, ta yi suna ne saboda an jera injunan cikin zobe, kowanne na miƙa wa na gaba da shi. Ashe wani ne ya zauna ya zaɓi taswirar. Wanda bai san haka ba, zai ci moriya muddin aikinsa ya yi kama da na masu manhajar; ranar da ya zo da matsalar garinsu, sai ya rasa inda zai kama.

Ɗan ƙasarmu Philip Emeagwali ya samu kyautar Gordon Bell a 1989 da lissafin rijiyoyin mai a kan injin Connection Machine mai furosesa 65,536. A irin wannan inji babu zancen kowa ya yi magana da kowa. Gwanintar ita ce daidaita sassan lissafi da yadda aka haɗa wayoyin injin. Wannan ilimin bai tsufa ba. Mu da za mu haɗa tsofaffin kwamfutoci da wayar sadarwa mai jan ƙafa, ga wuta ana ɗaukewa, ga man janareta da tsada, kowane saƙon da bai zama dole ba kuɗi ne daga aljihunmu.

Roƙona ga malaman kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere, da masu horar da matasa a cikin gari, ba mai tsada ba ne. Linux kyauta ne, Open MPI da MPICH kyauta ne, kwamfutoci biyar ko shida na ɗakin gwaji sun isa. Kafin ɗalibi ya rubuta layi ɗaya, a ba shi takarda da biro ya zana ɗigo ga kowane ma'aikaci, ya ja layi zuwa ga waɗanda lallai sai ya yi magana da su, ya kuma kare dalilin kowane layi. Sannan ya rubuta aikin ta hanyoyin biyu, ya auna lokacin da kowace ta ci, ya kawo alƙaluman. Ɗalibin da ya ga bambancin da idonsa a kan injuna shida, shi za a iya damƙa wa dubu gobe.