Jirgin Kara da Fentin Ɓad-da-kama

Da zarar an kwashe dawa a gonakin Fakku da sauran ƙauyukan Kebbe, kara ya zama na yara. Su fere ɓawonsa da reza, su yayyanka totuwar, su tsira wannan cikin wancan, sai ga mota, sai ga tabarau, sai ga jirgin sama da fukafukansa. Wanda hannunsa ya faɗa yakan koma gwangwanin madara da waya, ya yanko taya daga tsohon silifas. Ba a cika shafa wa jirgin nan fenti ba. In ma an samu ragowa a gindin gwangwani, ja ne ko rawaya, don a hango shi daga nesa.

A Ingila da Jamus da Japan manya ne ke wannan wasa, kuma a kife suke yin sa. Kamfanoni irin su Airfix, wanda aka kafa a Landan a 1939, da Revell da Tamiya, suna sayar da jirgin roba gunduwa-gunduwa a kwali, kowane sashe an rage girmansa sau 72 ko sau 48. Jirgin yaƙin nan Spitfire, mai fukafukai fiye da mita 11, in an rage shi sau 72 yakan dawo santimita 15 da 'yan kai. Haɗawa da gam ba wani aiki ba ne. Gwanintar duk ta tattara a fenti. Wato yaron Fakku shi ke ƙera komai ya bar fenti, Bature kuwa an ƙera masa, fentin kaɗai aka bar masa.

Fentin da suka fi wahala a kansa shi ne na ɓad-da-kama. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe: maharbin da ya ɗaura kan burtu a goshi ya sunkuya cikin ciyawa ya san ido siffa yake nema. Sojan Faransa sun kafa rukunin masu zane don wannan aiki a 1915. A jirgin sama, ana rarraba bayansa da launuka biyu ko uku don siffarsa ta wargaje in an leƙo daga sama, cikinsa kuma a ba shi launin sararin samaniya. Jiragen Ingila da suka yi yaƙi a hamadar Arewacin Afirka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sun sha ruwan ƙasa mai duhu da mai haske a baya, shuɗi a ciki. Ko jiragen Super Tucano da Najeriya ta sayo, waɗanda shidan farko suka sauka Kano a Yulin 2021, da irin wannan dabbare-dabbaren suka zo.

Buroshi ba ya fitar da shi yadda ake so, domin a jiragen gaske da yawa launi yana narkewa ne cikin ɗan'uwansa, babu iyaka a shate. Shi ya sa ake amfani da 'yar bindigar feshi mai girman alƙalami. A cikinta akwai allura da ta ratsa wata 'yar ƙofa da faɗinta bai wuce rabin milimita ba, wata ma 0.2. Ka danna kunamar, iska ta fito. Ka ja ta baya, allura ta janye, fenti ya biyo iska. Yawanci ana tsayar da agogon kwamfiresa mai ba ta iska tsakanin 15 da 20 a ma'aunin PSI, a tsinka fenti da tina har ya yi ruwa-ruwa kamar madarar da aka tatso yanzu.

A nan rigima take, kuma kowace ɓarna tana faɗin laifin da ya haife ta. In bindiga tana tofi, tana watsa ɗigo-ɗigo, ko fenti ya yi kauri ko iska ta yi kaɗan, ko kuma fenti ya bushe a tsinin allura, sai a goge shi da auduga mai tina. In fenti ya faɗi a fiffike ya tarwatse ya yi yatsu, ya tsinke da yawa, ko hannu ya matso kusa. In ya bushe da kaushi, ka shafa ka ji gari-gari, nisa ya yi yawa, fentin ya sha iska ya bushe kafin ya sauka. In kuwa ka ga kumfa na tasowa a cikin ɗan kofin fentin, iska ce ke komawa baya: ko ƙofar ta toshe, ko ta tsage, ko murfinta bai ɗauru ba. Allurar da ta lanƙwashe a tsini, ko da ido bai gani ba, za ta riƙa karkatar da feshin gefe guda.

Duk wannan, mai fentin mota ko babur a Tambuwal ko Sakkwato ya san shi, ko bai taɓa ganin jirgin roba ba. "Kai yaro, ja hannunka baya, zai zubo," shi ne karatun da almajiri ke sha kullum. Har ya fi littattafan Turawa sanin wani abu, domin su don ɗaki mai sanyi da laima aka rubuta su. A hunturu iska busasshiya ce ƙarau, fentin ruwa yakan daskare a bakin allura cikin ɗan lokaci, ƙura kuma ta kwanta kan ɗanyen fenti. Sai a ƙara tsinkawa, a rage nisa, a yayyafa ruwa a ƙasa, a yi aiki da sassafe. Da damina kuwa kwamfiresa ke tara ruwa a ciki, ya tofo shi tsakiyar aiki, in ba a sa matarin ruwa a tiyo ba ko ba a zubar da na tankin ba.

Inda nake ganin masu wannan wasa sun zaƙe shi ne gardamar launi. Sai mutum biyu su kwana suna musu kan ko korensu ya dace da lambar da ma'aikatar soja ta rubuta a 1942, alhali jirgin da ya yi wata shida a rana irin ta Sakkwato ya riga ya koɗe. Gwanaye daga cikinsu sun gane haka, suna ɗan sirka fari, suna dusasar da saman fiffike fiye da gefe. Na fi yarda da waɗannan, don sun kalli jirgi, ba takarda ba. Mu kuma namu fentin, tun daga na jikin manyan motocin katako masu zaki da dawisu, na a-zo-a-gani ne, don haka mai son koyon ɓad-da-kama sai ya koyi kame hannu, ya fesa siriri-siriri sau uku maimakon sau ɗaya mai kauri.

Abin da zai fi tare wa saurayin Fakku hanya shi ne wutar lantarki da kuɗin kwamfiresa. Amma tun da daɗewa masu ƙaramin ƙarfi a Turai da Amurka ke jona bindigarsu da tayar mota da aka cika da iska, kuma mai faci bai yi nisa da kowace tasha ba. Matsalarta ɗaya: ƙarfin iskar yana raguwa ana cikin aiki, don haka sai an sa mata abin daidaita iska, a kuma koma wurin mai faci kafin bindigar ta fara tofi.