Jinjina ga Mafarautan Lambobin Mersenne

Tun 1996, lokacin da George Woltman ya kafa shirin farautar lambobin Mersenne mai suna GIMPS a Amurka, dubban 'yan sa-kai ke barin kwamfutocinsu a kunne dare da rana, suna farautar lambar da ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da ita kanta. Ga yadda ake samo ta Mersenne: a yi ta ninka 2, a cire 1, a gwada. Gwajin lamba guda kan ci makonni, kuma kusan kullum amsar ita ce a'a. Haƙurin nan nasu ya isa a sara masa. A Oktoban 2024 ɗaya daga cikinsu, Luke Durant, ya yi babban kamu: biyu-biyu har guda 136,279,841 aka ninka, aka cire 1, lamba mai alƙaluma 41,024,320. Ba a sanar ba sai da aka sake tantance ta da manhajoji daban-daban.