Mai Kallon Da Ba A Ƙirga Shi: Manhajojin Fina-finai Da Mutanen Ƙasar Gobir

Tun da kasuwar faifan CD ta Ƙofar Wambai a Kano ta durƙushe, sabon fim ɗin Hausa ya koma cikin waya. Mai son kallo a gida yau ba ya rasa inda zai nufa. Akwai Netflix, wadda ta shigo Najeriya a Janairun 2016, akwai Prime Video, akwai na gida irin su Northflix da Kallo.ng da manhajar Arewa24, sannan ga YouTube. Yawancin masu sharhi kan wacce ta fi, abu biyu suke aunawa: yawan fina-finai da kuɗin wata. Wannan mudun mazaunin Kano ne ko Abuja. Idan aka kai tambayar Sabon Birni da Isa, a gabashin jihar Sakkwato, amsar takan sauya, kuma takan tona wani abu game da fina-finan kansu.

A watan Satumba na 2021, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda 'yan bindiga, har da Isa da Sabon Birni. Mai son gaisawa da ɗan'uwansa sai ya yi tafiya, ko ya laluɓi sabis ɗin Nijar da ke tsallakowa daga ɓangaren Maraɗi. An maido da layukan daga baya, amma a ƙauyuka da dama har yau sabis baƙo ne, ya zo ya tafi. Ga rashin wuta, ga tsadar data, musamman tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. A irin wannan wuri tambayar farko ga kowace manhaja ita ce: idan sabis ya ɗauke, me ya rage a hannuna?

Mu fara da manyan na waje. Ta fuskar fasaha ba a raina Netflix. Tana rage kyawun hoto da kanta idan intanet ya yi rauni, kuma tana bari a sauke fim. Sai dai a lissafinta, awa ɗaya na kallo a matsakaicin hoto na iya cin gigabait ɗaya, mai kyau sosai kuma har uku. Fim ɗin da aka sauke yana da wa'adi. Idan ya ƙare sai an koma intanet an sabunta. Biyan kuɗi kuma sai da katin banki. Duk an tsallake waɗannan, abin Hausa da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Ita kuwa Prime Video, tun Janairun 2024 ta janye daga zuba kuɗi a sababbin fina-finan Afirka. Wanda ya biya su a Isa ya sayi kallon duniyar wasu ne. Ba laifi ba ne, amma ya san abin da ya saya.

Manhajojin gida su ne ya kamata su cike gurbin, domin su ke da harshe, su ke da jarumai. Kuskurensu shi ne kwaikwayon Netflix: rajista da imel, biyan wata-wata, kallo kai tsaye. Manomin da kuɗinsa ke zuwa da kaka, ko ɗan tireda da ke lissafin cinikin yini, ba ya ɗaure kansa da biyan wata. Yana sayen kallo ne yadda yake sayen sukari, ƙulli-ƙulli.

Shi ya sa YouTube ta yi rinjaye. Kyauta ce, kuma tana sauka zuwa hoto mai dishi-dishi wanda ke tafiya ko da sandar sabis ɗaya ce. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. YouTube na ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin talla, kuma bidiyon da ya kai minti 8 ne ake iya sa masa talla a tsakiya. Ke nan kuɗi na bin tsawon zama, ba kyawun labari ba. Duba abin da wannan ya yi wa rubutun fim. Izzar So ya haura fitowa 100. Labarina na Aminu Saira, wanda yana cikin waɗanda suka fi kula da hoto da tsara zance, shi ma zango yake bi bayan zango. A ƙananan tashoshi abin ya fi muni: maganar da za a gama a jimla uku sai a shimfiɗa mata minti goma a falo, a nuna mota ta shigo, a nuna an buɗe ƙofa, a yi gaisuwa har da tambayar gajiya, sannan a maimaita abin da mai kallo ya riga ya sani. Ba rashin basira ba ne. Marubucin yana yi wa agogon talla rubutu. Shi kuwa mai kallo a Sabon Birni, da datarsa yake biyan kowace gaisuwa.

Saboda haka mutane da yawa suka koma ga wanda ya fi kowa fahimtarsu, wato mai tura fina-finai a bakin kasuwa. Shi ke sauke sabon fitowa sau ɗaya, ya zuba wa mutane a memori da 'yan canji, a haɗa da cajin waya, daga nan kuma fim ya ci gaba da yawo ta Xender. Ba imel, ba wa'adi, ba katin banki. Wanda ya san aikin manhaja zai gane cewa wannan tsari ne mai kyau: sauke sau ɗaya, raba wa ɗari. Google ma ta taɓa yin irinsa da YouTube Go, wadda ke bari a tura bidiyo ga na kusa ba da intanet ba, kafin ta rufe ta a Agustan 2022.

Illar ita ce sisi ba ya komawa ga wanda ya shirya fim ɗin. Akwai kuma illar da ba a cika magana a kanta ba. Furodusa yana duba allon ƙididdiga ne kafin ya zaɓi labari na gaba. Allon zai nuna masa Kano da Kaduna da Abuja da Jidda. Mutum ɗarin da suka kalla ta memori a Isa ba sa ciki. A aikinmu na manhaja, wanda ba a ƙirga shi ba, ba a yi masa gini. Ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa fina-finanmu suka cika da gidajen bene da rigimar gado a kamfani, aka bar karin harshen Sakkwatawa da Gobirawa galibi a bakin ɗan barkwanci ko mai gadi. Alhali kufan Alkalawa, birnin Gobir da ya faɗi a 1808, yana nan a ƙasar Sabon Birni, da tarihin Bawa Jangwarzo da Yunfa da sarautar Inna. Mai Martaba, wanda Najeriya ta tura gasar Oscar a 2024, ya nuna labarin sarauta da Hausa yana da masu saye, amma masarautarsa ƙirƙirarriya ce. Ta gaske tana jiran marubuci.

To, wacce za a zaɓa? Ga mai kallo a wannan yanki, a yi wa manhaja tambaya huɗu kafin a biya ta. Tana bari a sauke fim ya zauna har a gama kallo? Tana faɗin nauyinsa kafin a taɓa? Ana iya sayen fim ɗaya ko mako ɗaya, ta lambar banki a ƙaramar waya ko wajen mai POS? Kuɗin kuma yana isa ga masu fim? Wadda ta amsa uku, a riƙe ta. Idan YouTube za a kalla, a shiga tashar masu fim ɗin, kamar Saira Movies ko Bakori TV, ba ta wanda ya kwafa ba, domin ko ba komai an ƙirga ka.

Ga masu manhajojin gida kuma, mai turawa ba abokin gaba ba ne, dillali ne da ba a ɗauka aiki ba. A ba shi fim bisa yarjejeniya, ya sayar ya cire ladansa, na'urarsa ta riƙa ajiye lissafin abin da ya tura, ta aika duk ranar da sabis ya samu. Fasahar ba ta fi ƙarfin matasanmu ba. Ranar da Isa da Sabon Birni suka bayyana a allon furodusa, ranar za a fara rubuta fim ana tunawa da su.