Faifan Kaani na Tal National a Kunnen Bazamfare

A shekarar 2013 wani ƙaramin kamfanin faya-fayai mai zaman kansa a kudancin Ingila, FatCat Records, ya fitar da faifan Kaani na ƙungiyar makaɗan Tal National ta birnin Yamai. Masu sharhin kiɗa na Turai da Amurka suka karɓe shi a matsayin faifan farko, wasunsu kuma suka jingina shi da wani reshe na kiɗan rok da ya tsiro a Ingila wajen ƙarshen shekarun 1960, irin na King Crimson, wanda ake gane shi da dogayen waƙoƙi da yawan sauya taki a tsakiyar waƙa. Duka maganganun nan biyu suna bukatar gyara. Farkon dai na Turai ne, domin ƙungiyar ta kafu tun 2000 a ƙarƙashin Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, kuma ta riga ta fitar da faya-fayai biyu a gida. Magana ta biyu kuwa ita ce wannan ɗan sharhi zai duba.

Waƙoƙi takwas ne a faifan, wani mai suna Jamie Carter ya naɗe su a Yamai. Makaɗan sun fito daga ƙabilun Nijar daban-daban, Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye, harsunan waƙoƙinsu ma haka. Abin da zai fara kama kunnen mai sauraro shi ne jita. Ba ta jan dogon zance kamar yadda aka saba ji a rok na Turawa, sai ta ɗauki ɗan guntun kari ta yi ta juya shi da sauri, wata jitar ta shigo ta cike giɓin da ta farko ta bari, ganguna da kalangu kuma suna bin wani taki wanda yake kamar zai saɓa da nasu amma bai saɓa ba. Wannan sarƙaƙiya ce ta sa Bature ya tuna da abin da ya sani.

To amma wanda ya tashi tsakanin Tsafe da Gusau yana jin Alhaji Musa Ɗanƙwairo a rediyo, wani abu dabam zai tuna. A waƙar da Ɗanƙwairo ya yi wa 'Yandoton Tsafe, alal misali, jagora yakan fara ɗa, 'yan amshi su karɓe tun bai dire ba, su yi ƙari, sa'an nan a koma gindin waƙa, kotso kuma yana riƙe da kowa. Abin da muke kira karɓeɓeniya ke nan. A ganina ita ce ƙashin bayan Kaani, sai dai an ɗauke ta daga bakin mutane an ɗora wa tsirkiyoyin jita. Guntun karin da ake komawa gare shi shi ne gindi, fitar da jita take yi ta dawo kuwa ita ce ɗiya. Na taɓa sa faifan wa wani tsohon ɗan amshi a Bungudu, wanda bai san inda aka nufa da rok ba, ba a yi nisa ba ya kama takin da yatsunsa a kan gwiwa, har yana nuna mini inda za a dawo gindi tun ba a dawo ba.

Sai dai kamancen yana da iyaka, kuma a nan ne faifan yake da rauni. A waƙar fada kiɗa bawan magana ne: kotso yakan sassauta domin zambo ya isa kunnen wanda aka nufa da shi, domin kirari ya sauka da nauyinsa. A Kaani magana ce take bin kiɗa a guje. Ko waƙar da aka sa wa suna Sarkin Fada, wadda sunanta kawai ya isa ya sa Bahaushe ya gyara zama, abin da ya rage mini bayan saurare shi ne takinta. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyar ta saba da wasan sa'o'i biyar a dare ɗaya gaban masu rawa, waɗanda ba harshe ɗaya suke ji ba, kiɗan ne kaɗai ya haɗa su. Da aka matse wannan cikin 'yan mintoci sai zafin ya zauna, numfashin ya tafi, har waƙoƙin tsakiyar faifan suka so su yi kama da juna ga wanda yake zaune yana saurare.

Raunin faifan ya tona namu, mu manazarta. Hanyar nazarin waƙar baka da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa ta ba mu turke da tubalan gininsa da salo, ta kuma ware wa kiɗa da rauji gurbinsu, amma a aikace gurbin nan mukan cike shi da jera sunayen kayan kiɗa, mu wuce. Ba mu koya wa ɗalibi yadda zai ƙirga taki ba, balle ya bayyana yadda matsa tsirkiyar kalangu a hammata take kwaikwayon karin sautin Hausa. Na ba wasu ɗaliban babban digiri a Gusau waƙa ɗaya daga faifan, na ce su yi mata tarke. Suka rubuto kalmomin da suka iya tsinta, ba su cika rabin shafi ba, suka ce turken bai fito ba. Ko ɗaya cikinsu bai ambaci wurin da kalangu ya shigo ba, alhali shi ne tsohon nan na Bungudu ya fara ɗaga wa kai.